Layin waya da lambobi shida: fashin baƙi kan yadda ake kwashe asusu da sojan gona da sunan mutane a intanet

Yawancin waɗanda aka kwashe wa kuɗi ta waya cewa suke yi an yi musu kutse. Idan aka zauna aka bi diddigi, sai a ga ba wanda ya fasa kwamfutocin banki. Ɓarawo ne ya tara wasu bayanai a kan mutum, saura guda ɗaya ya rage masa, sai ya kira mai asusun ya karɓa daga bakinsa, ko kuma layin wayar ya faɗo hannunsa ya ɗauka da kansa. Salon maganar yana sauyawa kullum, amma bayanan da ake nema ba sa sauyawa. Wanda ya san su, ya kuma san ƙofar da kowanne yake buɗewa, zai gane tarko tun kafin a gama gaisuwa.

Abin da kowace lamba take buɗewa

Lambar asusu, mai alƙalami 10, ba sirri ba ce. Da ita ake turo maka kuɗi, kuma iyakar abin da take nunawa shi ne sunanka da bankinka. BVN mai alƙalami 11, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, ita ce ta ɗaure duk asusunka wuri guda da zanen yatsunka da hotonka. NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ita ma 11 ce, daga hukumar NIMC, kuma tun watan Disamban 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya. BVN ko NIN kaɗai ba sa cire kuɗi daga asusu. Aikinsu a hannun mugu iri biyu ne: ya buɗe sabon asusu ko ya ci bashi da sunanka, sannan ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka a waya don ka yarda daga banki yake.

Katin cirar kuɗi kuwa yana ɗauke da abu huɗu: doguwar lambar gaba mai alƙalami 16, wasu katunan Verve har 19, da watan da katin zai daina aiki, da lambobi uku na baya, da lambar sirri huɗu da ke cikin kanka. Da yawa suna zaton muddin katin yana aljihunsu kuɗinsu a tsare yake. Sayayya a intanet ba ta neman katin kansa, lambobin take nema. Abin da ya rage tsakanin ɓarawo da kuɗinka bayan ya sami waɗannan shi ne gajeriyar lambar nan da banki yake turowa ta saƙon tes, wato OTP, galibi alƙalami shida, mai mutuwa cikin 'yan mintuna.

Kuma OTP layinka take zuwa. Lambar shiga WhatsApp layinka take zuwa. Sauya kalmar sirrin Facebook da ta imel da ta manhajar banki, duk ta layinka ake bi. Layin waya shi ne zauren gidan: wanda ya riƙe zaure, ɗakunan ciki ba za su yi masa wuyar shiga ba. Shi ya sa duk wani shiri na tsaro da bai fara daga layi ba yana da giɓi.

Kiran da ya ce daga banki yake

Mai kiran ba ya zuwa da garaje. Zai yi sallama, ya kira ka Alhaji ko ya kira ki Hajiya, ya faɗi sunayenka uku daidai, da Hausa garau idan ya ji ita aka fi so. Sai ya ce an sami saɓani tsakanin ranar haihuwar da ke BVN da wadda ke NIN, kuma za a rufe asusun kafin ƙarfe huɗu idan ba a gyara ba. Zai ma yi maka nasiha cewa kada ka taɓa ba kowa lambar sirrinka, shi ma ba zai tambaye ka ba. Lambar gaban kati kawai yake so don "ya tabbatar". Sai wata, sai lambobin baya. Can zai ce yanzu za ka ga saƙo ya shigo, ka karanto masa lambobin da ke ciki don ya kammala gyaran.

A daidai wannan lokacin yana zaune ne a gaban shafin biyan kuɗi, ya riga ya zuba lambobin katinka, banki kuma ya turo maka OTP don ka amince da cirewar. Wani lokacin ma manhajar bankinka yake ƙoƙarin ɗorawa a wayarsa, kuma lambar da ka karanto ita ce izinin. Sau da yawa saƙon da kansa yana faɗin abin da za a yi da lambar, har da adadin kuɗin, tare da gargaɗin kada a ba kowa. Mai kiran yana cika ka da magana ne don kada ka karanta saƙon daga farko har ƙarshe.

Mutane kan tambaya, to ina ya sami sunana da ranar haihuwata? Hanyoyin suna da yawa. Fom ɗin "tallafi" da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp, wanda ke neman suna da BVN da lambar asusu. Kwafin takardar NIN da aka bari a shagon hoto ko wurin buga takardu. Hoton katin zaɓe ko na jarrabawa da mutum ya ɗora a Facebook don murna. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN da BVN na 'yan Najeriya a kan kuɗi kaɗan, wasu naira 100 kacal. Don haka sanin bayananka ba shaida ba ce cewa mai kira ma'aikacin banki ne. Sunan da ya fito a saman saƙon tes shi ma ba shaida ba ne, domin ana iya ƙirƙirar sa ya yi kama da na banki.

Maganin wannan kiran ɗaya ne: katse shi. Ba sai an yi gardama ko an nemi hujja ba, don sun fi ka shirin amsa. Bayan an katse, a kira lambar da ke bayan kati ko a taka zuwa reshe. Banki ba ya gyara BVN ta waya, kuma ba shi da buƙatar lambar da shi da kansa ya turo maka. Tsofaffi da matan da ba su cika karanta Turanci ba su ake fi nema, kuma da wuya su katse wa mutumin da ya gaishe su da ladabi waya. Ya kamata 'ya'yansu su zaunar da su su gaya musu cewa a wannan wurin katsewa ba rashin kunya ba ne.

Idan waya ta faɗa hannun ɓarawo

Wanda ya fizge waya a adaidaita sahu ko ya zare ta a cunkoson kasuwa sau da yawa layin ya fi masa wayar daraja. Makullin fuskar waya, ko na yatsa ne ko na zane, wayar yake karewa, ba ya kare layi. Cire shi kawai zai yi ya sa a ƙaramar waya. Daga nan lambar *565*0# za ta nuna masa BVN ɗin mai layin, *346# kuma ta nuna NIN. Saƙonnin alat da ke shigowa za su gaya masa bankin da abin da ya rage a ciki. A wasu bankunan ana iya sayen katin waya zuwa layin da ke haɗe da asusu ba tare da lambar sirri ba. Da BVN da layi a hannu kuma, manhajojin bashi za su ba shi rance da sunanka. Mai wayar yana can yana jimamin wayar dubu ɗari, bai san asarar da ke tafe ta fi haka ba.

Abin da ke toshe wannan ƙofar kyauta ne, amma kaɗan ne suke yi: sa wa layin kansa lambar sirri. A sashen tsaro na wayar akwai inda aka rubuta SIM lock ko SIM PIN. Idan aka kunna, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mayar da layin wata waya, sai an sa lambar kafin sabis ya hau. Lambar tana iya zama alƙalami 4 zuwa 8. Wajen kunnawa za a fara tambayar lambar da kamfani ya sa tun asali, wadda ake samu a jikin katin da layin ya zo a ciki ko a wurin kamfanin. A kula a nan: kuskure uku yana kulle layin sai an kawo PUK, lambar buɗe layi mai alƙalami 8, kuskure goma a PUK kuma yana kashe layin gaba ɗaya. Kada a yi cinke. A nemo PUK a rubuta a takarda a ajiye a gida kafin a fara.

Sannan a rufe nuna saƙo a fuskar waya idan tana kulle, don kada OTP ta bayyana ga duk wanda ya ɗauka. A daina ajiye lambar asusu da BVN da lambar sirri cikin jerin sunaye da suna irin "Akawun ɗina". A rage iyakar abin da za a iya turawa a rana ta manhajar banki zuwa abin da ake buƙata da gaske, domin wanda iyakarsa miliyan biyar ce alhali bai taɓa tura fiye da dubu ɗari biyu ba, ya buɗe ƙofa fiye da kima. Kuma kowa ya san lambar rufe asusun bankinsa ta gaggawa, wadda ake iya dannawa daga wayar wani. A bankuna da dama tana ƙarewa da 911, kamar *966*911# a Zenith da *901*911# a Access. A tambayi ta bankin da ake hulɗa da shi, a rubuta a takarda. Wadda aka ajiye a cikin wayar da aka sace ba ta da amfani. Ranar da waya ta ɓata, banki ake fara rufewa, sai layi, sai a yi maganar cigiya.

Akwai kuma satar layi ba tare da an taɓa wayarka ba. Wani ya je ya yi welkom bak na lambarka, wato ya karɓi sabon layi mai lambarka, da bayanan bogi, wani lokaci da haɗin bakin baragurbin ma'aikata. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke maka kai kaɗai, na kusa da kai masu irin layinka suna da shi, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Kada a jira gobe. A ari waya a rufe asusu, a nufi ofishin kamfanin layin da katin shaida. Idan kamfanin bai saurara ba, lambar ƙorafi ta hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kyauta. Wani giɓin da ake mantawa da shi shi ne tsohon layi. Layin da aka yasar tsawon watanni kamfani yana sake sayar da lambarsa, kuma sabon mai lambar zai riƙa karɓar alat da OTP ɗinka muddin ba ka je banki ka sauya lambar da ke kan asusu da BVN ba. Haka yake ga layin mamaci, magada su rufe wannan ƙofar tun da wuri.

WhatsApp da zaurukan 'yan'uwa

Satar WhatsApp tana da salo sananne. Wani zai kira ya ce shi ɗan zaurenku ne, na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa ya sa sunanka. Lambobi shidan nan na rajistar WhatsApp ɗinka ne a wayarsa. Da ka faɗa, an fitar da kai. Cikin mintuna zai bi 'yan'uwa da abokai da hotonka da sunanka yana cewa manhajar bankinka ta tsaya, a tura dubu hamsin zuwa wani asusu, za ka mayar da safe. Zai kuma kwashi lambobin 'yan zauren ya ci gaba da kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Rigakafinsa yana cikin manhajar, a sashen Account, inda aka rubuta Two-step verification. Za ka zaɓi lambar sirri shida ta kanka, ka haɗa da imel don ranar mantuwa. Da wannan, ko an karɓi lambar tes ba za a iya shiga ba. A riƙa duba Linked devices kuma, don wanda ya riƙe wayarka minti ɗaya, mai caji ne ko mai gyara ko na gida, yana iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai. Idan an riga an ƙwace, a sake yin rajista da lambar, domin da zarar ka sa sabuwar lambar tes an fitar da shi. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A cikin wannan lokacin a sanar da mutane ta kira da ta bakin wasu. Wanda kuma aka nemi kuɗi a wurinsa ta saƙo, ya kira lambar kai tsaye ya ji murya, ya tambayi abin da su biyu kaɗai suka sani, don yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar mutum daga gajeren saƙon murya.

Sayar da suna da aron asusu

Wannan ɓangaren ya fi shafar talaka da matasa, kuma shi aka fi rainawa. Ana bin unguwanni da ƙauyuka ana karɓar NIN da BVN da hoton fuska da sunan tallafi, ko a saya kai tsaye. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa ana sayen irin waɗannan bayanai daga mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su don karɓar kuɗin damfara. Wani kuma aboki ne zai ce a ara masa asusu za a turo masa kuɗi, zai ba da na goro.

Kuɗin sata ba sa zama wuri ɗaya. Suna sauka a asusu na farko, a rarraba su zuwa wasu, a cire a wurin masu POS ko a mayar da su kirifto. Idan bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun farko ake gani, da hotonsa da adireshinsa. Shi za a rufe wa asusu, a sa BVN ɗinsa a jerin waɗanda ake tuhuma, abin da kan shafi sauran asusunsa a duk bankuna, kuma shi za a fara kamawa. A idon mai bincike ɓarawon zaune ne har sai ya kawo hujja, kuma "ban san me za a yi da shi ba" hujja ce mai rauni. Idan kuɗin fansar garkuwa da mutane ne suka ratsa ta asusun, maganar ta wuce ta damfara. Dubu biyu ba ta kai wannan ba.

Manhajojin bashi marasa rajista su ma da bayanai suke ciniki. Suna neman izinin shiga jerin sunaye da hotuna, ranar da aka makara biya kuma sai su aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store neman wannan izinin, hukumar kare masu sayayya ta FCCPC kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Manhajar da aka turo ta saƙo aka ce a sauke ta a wajen Play Store, guje wa waɗannan sharuɗɗa take yi.

Damfarar zuba jari kuwa labarinta bai sauya ba. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe cirar kuɗi a Disamban 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta durƙushe a Afrilun 2025. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, shi ya sa ɗan'uwanka da ya ce an biya shi gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa ake matsa masa ya kawo wasu. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ce ke ba da wannan, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Su kuma 'yan kasuwa da masu POS, saƙon tes da hoton rasit ba shaidar biya ba ne, dukansu ana haɗa na bogi. A buɗe manhaja a ga kuɗin sun hau kafin kaya su bar shago. Wanda ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa zuwa wani asusu daban, a ce ya bi ta banki.

Idan kuɗi sun riga sun fita

Tura kuɗi tsakanin bankuna a Najeriya nan take ne, don haka awa ta farko ta fi mako mai zuwa muhimmanci. A rufe asusu da kati. A kira sashen yaƙi da zamba na banki, a ba su lokaci da adadi da asusun da kuɗin suka tafi, da doguwar lambar shaidar turawa mai alƙalami 30 da ke jikin rasit, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa ya riƙe kuɗin. A karɓi lambar ƙorafi, a bi da takarda a reshe a sa hannu a kan kwafi. A kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga EFCC, domin sau da yawa sai da umarnin kotu banki ke mayar da kuɗin da ya riƙe. Idan mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, a ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Gaskiyar magana, abin da aka riga aka cire da wuya ya dawo, abin da aka tarar a asusu shi ake cetowa. Kuma a yi hattara da zagaye na biyu: masu zuwa su ce za su dawo da kuɗin idan aka biya wani abu. Bayan faɗuwar CBEX an nemi waɗanda abin ya shafa su sake zuba dala 100 ko 200 da sunan tantancewa.

Masu farautar yara da 'yan mata

Wannan ya fi asarar kuɗi ciwo, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. Mai farauta ba ya fara da maganar banza. Yabo yake farawa da shi a Instagram ko TikTok ko Facebook ko cikin wasan intanet, sai katin waya da data, sai sauraron ƙorafin yarinya a kan gidansu. Ga 'yan mata alkawarin aure ne, ko shiga fim, ko aiki a ƙasar waje. Ga samari kuwa shafi ne mai hoton kyakkyawar yarinya da ta fara turo nata hoton, wanda na sata ne, ta ce saura kai. Alamomin suna maimaita kansu: a koma wata manhaja mai sirri, kada a gaya wa kowa, a goge hira. Sai a nemi hoto marar lahani, sai wanda ya ɗan fi shi, sai kiran bidiyo da ake naɗa ba a sani ba. Hoton gani sau ɗaya ba kariya ba ne, da wata wayar ake ɗaukar sa.

Da hoton ya shiga hannu, murya take sauyawa. Zai turo jerin sunayen iyaye da 'yan ajinsu da ya kwafo daga shafin yaron, ya ba da wa'adin mintuna. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan sa'o'i da fara irin wannan hira, bayan an nemi dala 1,000 ya biya abin da yake da shi ba a ƙyale shi ba. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas aka miƙa wa Amurka a 2023 a kan lamarin, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a Satumban 2024. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a. Masu yi wa yaran Turawa haka ba su da dalilin ƙyale na gida, kuma a wurinmu makaminsu ya fi kaifi, domin yarinya ta san abin da hoto ɗaya zai yi wa aurenta da sunan gidansu.

Kunya ita ce jarin mai barazana. Yaron da ya tabbata duka da kora ke jiransa a gida zai gwammace ya saci kuɗi ya biya, ko ya sake tura wani hoton, ko ya cutar da kansa. Don haka aikin iyaye na farko ba ƙwace waya ba ne. Uwa ko uba ko yaya su faɗa wa yaro tun kafin komai ya faru, a fili, cewa ko me ya tura, idan aka yi masa barazana ya zo, za a tsaya masa, faɗa ya biyo baya. Sannan a mayar da shafukan yara na sirri, a ɓoye jerin abokai, a hana baƙi turo saƙo, waya kuma ta kwana a wajen ɗakin kwana, don yawancin irin wannan hira cikin dare ake yin ta.

Idan barazanar ta zo, kada a biya. Biya yana nuna akwai kuɗi da tsoro, sai a ƙara farashi. A daina amsawa, amma kada a goge komai: a ɗauki hoton hirar, da sunan shafin, da lambar waya, da asusun da aka ce a tura kuɗi, domin wannan asusun shi ne zaren da mai bincike zai ja. Sai a kai rahoton shafin ga manhajar, a toshe shi. Ga wanda bai kai 18 ba lokacin da aka ɗauki hoton akwai shafin Take It Down na cibiyar kare yara ta NCMEC da ke Amurka, ga manya kuma akwai StopNCII. Dukansu kyauta ne, kuma hoton ba ya barin wayar: wata lambar shaida ake cirowa daga jikinsa a raba wa kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, don su tare shi idan an yi ƙoƙarin ɗorawa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaudarar yara ta intanet da mallaka ko yaɗa hotunan tsiraicinsu, kuma ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ta lambar 627. Hoton yaron kansa kada a tura wa kowa, ko da ɗan'uwa ne da sunan neman shawara ko kafa hujja. A bar shi a wayar da ya shigo, a miƙa wayar ga mai bincike.